Dalhatu Fenti da Littafin Kajin da Ya Ɓata

Ni da mazaunaina na fara sanin aikin Dalhatu, tun kafin kaina ya fahimce shi.

Wata Asabar ce a farkon damina. Na ci ado da farar shadda sabuwa dal, zan je ɗaurin auren ɗan wani abokin aikina, sai na ce bari in biya ta ɗakin karatu na garinmu Gumel in gaisa da Hajiya Rahamatu mai kula da wurin. Gaisuwar dai hujja ce, shaddar nake so a gani. Ni ne sakataren kwamitin da ke tallafa wa ɗakin, kuma in za a faɗi gaskiya aikin sakataren bai wuce shiga da sallama da fita da "sai an jima" ba. Na ga benci a baranda, na tattara riga na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai na ji murya daga bayana.

"Innalillahi! Malam Sakatare, ka zauna a kan Gagarawa!"

Na miƙe zumbur. Ashe wasu 'yan guntayen filasta ne aka jera a kan bencin, kowanne an ɗiga masa shuɗin fenti ana jira ya bushe. Na waiga na ja rigar, ga ɗigo goma sha ɗaya reras a bayana, kamar an yi min su da ma'auni. Mai fentin yana tsaye da buroshi a hannu, wani siririn mutum mai ɗan ɗingishi, kuma ba ni yake wa jaje ba, filastocinsa yake tsincewa yana tsaki. Hajiya Rahamatu ta leƙo ta taga, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na lalubi abin da ya fi kusa da hannuna, wani littafi ne a ƙarshen bencin, na kare bayana da shi, na ja da baya da baya har bakin titi, na faɗa keke napep na ce gida. Ɗaurin auren da ban je ba ke nan.

Ku riƙe wannan littafin a ranku, jama'a. Ni ban riƙe ba.

Mai fentin shi ne Dalhatu, wanda kowa daga Maigatari har Sule Tankarkar ya sani da Dalhatu Fenti. Haifaffen Maigatari ne. Mahaifinsa dillalin dabbobi, mahaifiyarsa daga tsallaken iyaka, shi ya sa har gobe babbar mota kamiyo yake ce mata, makarantar boko kuma lakwal. A lakwal ɗin aji huɗu ya yi ya tsaya, ya bi mahaifinsa kara, wato kasuwar shanu. Can ya samu sana'ar da ta ba shi suna. Duk ranar Alhamis, idan fatake suka gama ciniki, shi ne mai bin shanu da gwangwani da buroshi yana shafa musu alama a gadon baya. Ya taɓa yi min bayanin abin, yana tsaye, don bai iya bayani a zaune ba.

"Ka ga Malam, saniya tana zuwa kara da shaidar mai ita a cinya. To da zarar an saye ta, wannan shaidar ta gama aiki. Mutum ɗaya zai sayi arba'in daga hannun mutum goma. Mai lodi ba ruwansa da gidan da ta fito, kamiyon da za ta shiga yake son sani. Fentina shi ke faɗa masa."

Shekara goma sha tara yana wannan, har ranar da wani bijimi ya ga bai yarda da kalar da aka zaɓar masa ba, ya ɗauke shi ya maka da ƙasa. Ƙugunsa ya warke a karkace. Tun daga nan zama ya zame masa azaba. Minti biyar a kujera, sai ka ga ya fara mutsu-mutsu, ya miƙe, ya kewaya, ya taɓa wannan ya gyara wancan. Abinci a tsaye, shayi a tsaye. A babur kaɗai yake iya daɗewa, shi ma a gefe guda yake ɗosana jiki, kamar mai shirin dirowa. Matarsa ta ce da ba don salla tana da zaman tahiya ba, da ta manta yadda mijinta yake idan ya zauna.

Da kara ta gagare shi, aka samar masa aikin masinja a ɗakin karatu na Maigatari, ƙarƙashin Mista Hezekiah, mutumin wajen Jos da ya shekara ashirin a nan har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Wanda ya tura Dalhatu wurin ya yi zaton ya samar masa hutu: shara da safe, kaɗe ƙura, sai kai takarda jefi-jefi. Bai san an saka mutumin da ba ya zama a cikin ɗakin da kome yake zaune ba.

Abin da ya fara damunsa ke nan. Littattafai suna kulle cikin kabad, kowanne da hatimin garinsa a shafin farko, kuma doka ta ce littafi ba ya barin garin da ke jikin hatiminsa. Maigatari tana da kwafi bakwai na wani littafin kiwon kifi, a garin da ba a san tafkin kirki ba. Mutane kuwa suna shigowa suna tambayar na lissafin jarrabawa, na gyaran injin ban ruwa, na noman riɗi, Mista Hezekiah yana cewa babu. Sai a aiki Dalhatu Gumel da takarda, ya tarar da wannan na riɗin a kanta, gara ta fara ɗanɗana gefensa. Ya je Gagarawa, ya ga na injin ban ruwa an tokare taga da shi. A Sule Tankarkar, Malam Abdulbaqi mai kula da ɗakin can yana da na lissafi har huɗu, babu mai tambaya.

Ya dawo ya tsaya a kan Mista Hezekiah. "Oga, wannan hatimin ai shaidar mai saniya ce. Ina alamar inda za ta?"

"Ba inda za ta, Dalhatu. Littafi ne."

"To shi ya sa take ramewa."

Shekara biyu yana zarya tsakanin ɗakunan nan huɗu da maganar nan. Mista Hezekiah ya yarda tun a watan farko, ina jin don ya samu ya sha iska. Malam Abdulbaqi ya ce in sauran sun yarda shi ma ya yarda. Na Gagarawa ya ce in Gumel ta yarda. Kowa ya san inda gizo yake saƙar: Hajiya Rahamatu, wadda ɗakinta ya fi na kowa littattafai. Kada ku ɗauke ta muguwa. Shekarun baya ta taɓa ba da aron littafi talatin don wani taro, tara suka dawo, kuma ita aka tsayar a gaban manya tana amsa tambayoyi kamar ɓarauniya. Tun ranar ta ɗaura makullin kabad a bakin zaninta.

Dalhatu bai yi mata gardama ba. Zuwa kawai yake yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranki ya daɗe, wani malamin asibiti a Ɗanzomo yana gaishe ki, ya ce ko littafin nan na magunguna yana nan lafiya?" Mako na gaba: "Ranki ya daɗe, wata mai shirin jarrabawa a Maigatari ta ce in duba mata ko gara ta rage mata wani abu." Ranar da ta gaji, ta tara mu a ofishinta, shugabannin ɗakuna huɗu da 'yan kwamiti, ta buga tebur.

"Wata uku. Littafi ɗari biyu za a ware daga ɗakunan nan, su ne za su yi yawo. Ranar da wata uku ya cika, a kawo su nan a ƙirga a gabana. In ɗaya ya ɓata, ɗaya tak, akwatin da za a riƙa yawo da su ya tsaya, kowa ya kulle kabad ɗinsa, kai kuma Dalhatu ka koma tsintsiyarka. Sakatare, rubuta."

Na rubuta. Da hannuna na rubuta.

Yadda ya tsara abin, da wani mai digiri ne ya kawo shi da an kira taron bita a otal. Kati ɗaya ya isar wa mutum a ɗakuna huɗu. Ka ara a Gumel, in kasuwa ta kai ka Maigatari ranar Alhamis ka ajiye a can. Wanda ya nemi abin da babu a garinsu, a rubuta a rajista, mai ɗakin ya ɗauki hoton shafin ya tura zauren WhatsApp da suka buɗe, duk wanda ke da littafin ya fito da shi. Sai Dalhatu ya manna masa filasta a ƙeya da ɗigon fenti: ja Maigatari, kore Sule Tankarkar, ruwan ɗorawa Gumel, shuɗi Gagarawa. Hatimin ciki yana nan, yana faɗin mai shi. Ɗigon waje yana faɗin mai jiransa. In ya isa aka karanta, a ɓare filasta a manna wata. Akwatin da yake zuba littattafan na ƙarfe ne irin na amaren da, ya naɗe shi da leda saboda ruwa, ya ɗaure da igiyar roba a bayan tsohon babur ɗinsa. Ko direban da bai san bihim ba, in aka ba shi ƙunshi mai koren ɗigo ya san inda zai sauke.

Kuma abin ya kama. A tsakiyar watannin nan uku ne ma shaddata ta sha fenti. Na ga mutanen da ban taɓa gani a ɗakin karatu ba. Wani mai gyaran janareta ya zo da hannu duk baƙin mai, Hajiya ta sa shi ya wanke kafin ya taɓa kome. Wasu daga littattafan kifin nan bakwai ma sun samu masoya a wajen Gagarawa.

Saura kwana goma a yi ƙirga, Dalhatu ya tare ni a bakin makarantar da nake koyarwa. Ya rame. Bai kashe babur ba.

"Malam Sakatare, ɗaya babu."

"Ɗaya me?"

"Littafin kiwon kaji. Na Gumel ne, da hatimin Hajiya. Wata baiwar Allah a Gagarawa, Amatullahi, ita ta nema. Na san na manna masa shuɗi da hannuna. Bai isa can ba. Mako shida ina nema ban faɗa wa kowa ba. Kai ne mai rubutu, ka zo mu bi rajistocin nan tare, ko idona ne ya tsallake wani layi."

Wallahi ko ɗar ban ji ba. Abin da na ji shi ne girma: an zo neman mai ilimi. Na gyara hula na ce, "Dalha, ka zo wurin da ya dace. Ɓarawon littafi ba ya wuce ni."

Na haye bayan babur, akwati yana dukan ƙashin bayana. Wanda bai taɓa hawa bayan Dalhatu ba bai san tafiya ba. Shi a karkace, babur a karkace, ni ina salati. A Sule Tankarkar muka sa Malam Abdulbaqi ya zazzage kabad uku a ƙasa, yana haki yana cewa, "Ni da ma na faɗa, in sauran sun yarda ne kawai na yarda." Babu. A Ɗanzomo muka tsaya wurin mai kemis ɗin da ake ajiye wa mutanen garin littattafai a wurinsa, ya rantse har da ɗaga kwalin sirinji. Babu. Ranar Alhamis muka ratsa kasuwar Maigatari, Dalhatu yana bin direbobin da ya taɓa ba saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa ƙarƙashin kujerunsu, har wani ya ce masa in kaza yake nema ya je layin 'yan kaji. Ya koma kan hanyar Gagarawa yana tafiya a hankali, idonsa a gefen titi, duk farar ledar da ya hango cikin gero sai ya tsaya ya sauka ya duba.

Ni kuwa bakina bai huta ba. Duk inda muka tsaya sai na yi huɗuba. Na ce wanda ya ɗauki littafin nan jahili ne ko da ya yi digiri. Na ce irinsu ne suka hana ƙasar nan ci gaba. A gaban Mista Hezekiah na ce in aka kama shi a shafe shi da fentin nan kala huɗu a zagaya da shi kasuwa. Mista Hezekiah ya ce, "Malam, ka cika zafi." Na ce, "Oga, ba ka san yadda abin yake min ciwo ba ne."

Gagarawa ce ta fi nauyi. Amatullahi tana jiranmu a ƙofar ɗakin karatun, mace mai kamar shekara talatin da biyar, ta baro aikin gida ta zo saboda ta jiyo ƙarar babur.

"Baba Dalhatu, ya zo?"

"Bai zo ba tukuna, 'yata."

"To. Kaji bakwai suka rage min cikin ashirin. Sai su yi ta gyangyaɗi suna farin kashi, da safe a tsince su. Na ba su jar kanwa, na ba su barkono." Ta yi 'yar dariya. "In ya zo bayan sun ƙare, na karanta don na gaba."

Dalhatu ya shiga kwance igiyar akwati yana sake ɗaurewa, alhali ba abin da ya same ta. Mako shida ke nan kullum sai ya tsaya gaban matar nan ya ce bai zo ba.

A hanyar dawowa na kawo masa shawara irin ta masu ilimi. Na ce littafi ɗari biyu aka ce, ba a ce waɗanne ba. Mu ɗauko ɗaya daga na kifin nan da ba sa cikin lissafi, mu manna masa shuɗi, ƙirga ta cika, Hajiya ta sa hannu, kowa ya huta. Ya taka burki har na daki akwati.

"Malam, a kara in an ce arba'in, ba a cusa akuya a ce ta cika. Mai kaya zai sauke a can ya gani. Kuma ita matar nan, kifi za ta ba kajin?"

Saura kwana ɗaya, da ƙafarsa ya je ya faɗa wa Hajiya Rahamatu. Ina wurin. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan muni. Ta ce, "Dalhatu, na so abin nan ya yi, Allah ya sani. Amma ka san sharaɗi, a gabanka aka rubuta. Gobe ƙarfe goma." Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe." Ya fita baranda ya yi ta kai da kawo, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan.

Na koma gida bayan la'asar, jikina duk ciwo. Tun daga zaure na fara ba da labari da ƙarfi, yadda na saba. "Maman Rahama, mutane ba su da tsoron Allah! Mutum ya wahala shekara biyu, wani ɓarawon banza ya rushe masa aiki a kan littafi ɗaya!" Na shigo tsakar gida. Asama'u matata tana zaune a kujera 'yar tsugunno gaban akurkin kajinta, tabarau a hanci, littafi a cinya, tana auna wani gari da cokali tana zubawa a ruwansu. A ƙeyar littafin akwai filasta. A kan filastar akwai ɗigo. Shuɗi.

Na zauna a kan turmi.

"Wannan... daga ina?"

"Wanne? Littafina?" Ta ɗago. "Kai ka kawo min mana. Ranar da ka dawo da shadda kamar zabuwa. Ka cure rigar ka jefar bayan ƙofa, da na zo ɗauka in jiƙa ta a kananzir na same shi a ciki. Na ce oh, yau Baban Rahama ya tuna ina kiwon kaji. Ban yi maka godiya ba ne don na san halinka, sai ka shekara kana gori." Ta nuna akurki da cokali. "Ka ga ko ɗaya ba ta mutu ba bana. Ashe raba masu ciwo ake yi da masu lafiya, a wanke mazubin ruwa kullum. Shafi na arba'in da uku."

Na yi mata bayani. Ban taɓa yin bayani da ƙaramar murya irin ta ranar ba. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Wato ba don ni ka kawo ba."

"Maman Rahama, ba wannan ce maganar ba yanzu."

"Ita ce maganar. Shekara ashirin da biyu da aure, kyauta ɗaya da na ce ka yi tunani kafin ka yi, ashe mazaunai ka rufe da ita."

Na ce ta ba ni, gobe da sassafe in je kafin kowa, in zura shi cikin akwatin Dalhatu ko bayan kanta, a ce an gani. Ba wanda zai san kome. Ta rungume littafin a ƙirji.

"Sai a ce shi ne bai iya nema ba, ko? Mutum ya zagaye gari huɗu, littafi yana cikin akwatinsa. Hajiya ta ce ga irin sakacin da take tsoro. A'a. Tare za mu je, ni zan riƙe shi. Da ma ina son katin nan, kuma in waccan baiwar Allah ta gama, a sa masa kalar Gumel ya dawo min. Ban gama babin ƙwai ba."

Washegari ƙarfe goma, an jera littattafai a kan tebura uku. Hajiya Rahamatu tana taɓa kowanne da biro, Mista Hezekiah yana kiran lamba, Malam Abdulbaqi yana gyangyaɗa kai kamar mai zaman makoki. Dalhatu yana bakin ƙofa, ya shiga ya fita. Ni ina kujerar sakatare da rajista a gabana, gumi yana bin bayana. Asama'u tana can baya cikin hijabi, jaka a cinya, ta kafe ni da ido.

"Ɗari da casa'in da tara," in ji Mista Hezekiah, a hankali.

Hajiya ta ajiye biro. "To. Sakatare, rubuta cewa..."

"Ranki ya daɗe," na ce, na miƙe. "Kafin in rubuta. An kama ɓarawon."

Dalhatu ya tsaya cak, karo na farko da na ga ya yi haka.

"Yana ina?" in ji Hajiya.

"Yana riƙe da rajista."

Na faɗi kome, tun daga shadda har turmi. Asama'u ta taso ta ajiye littafin a kan tebur, ta koma ta zauna kamar ba ta san ni ba. Mista Hezekiah ne ya fara fashewa da dariya. Ya dafe ciki, ya ce, "Malam, kala huɗu ka ce ko? A zagaya kasuwa? Yau ba Alhamis ba ce, amma za mu iya jira." Malam Abdulbaqi ya ce shi tun farko ya san tsarin nan mai kyau ne.

Hajiya Rahamatu ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shafin farko ta duba hatiminta, ta juya ta duba ɗigon.

"Wato wata uku littafi ɗari da casa'in da tara suna yawo a bayan babur, cikin ruwa da taɓo, hannun direbobi da masu kemis, ko ɗaya bai ɓata ba. Wanda ya ɓata, a barandata ya ɓata, ina kallo ta taga ina dariya, kuma ɗan kwamitina ne ya fita da shi." Ta kwance makulli daga bakin zani ta ajiye a tebur. "Ɗari biyu. Sakatare, rubuta: akwati ya ci gaba. Ka ƙara da cewa daga yau ko ɗan kwamiti ne, ko ni ce, ba mai fita da takarda sai da kati. Ka ja layi a ƙarƙashin ɗan kwamiti."

Na rubuta. Na ja layi.

Kafin in rufe rajista Dalhatu ya ɗauke littafin daga tebur. Bai tsaya shan lemon da aka kawo ba, bai tsaya karɓar barka ba. Na bi shi waje na same shi ya riga ya sa shi cikin akwati yana jan igiyar roba. Tun da na yi jawabina bai dube ni ba, kuma shirun nan ya fi min zagi ciwo. Ni kuma Allah ya yi ni in kunya ta kama ni sai bakina ya nemi wasa.

"Haba Dalha, ai sai ka gode min. Ba don ni ba da Hajiya ba ta saki makulli ba. Kuma wai tsaya, duk wahalar nan da kake sha, kai da ka tsaya a aji huɗu, cikin ɗari biyun nan ka taɓa karanta ko guda ɗaya?"

Ya ɗosana a gefen babur, ya buga shi ya tashi, sannan ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ban karanta ba, Malam Sakatare. Shi ya sa nake kai wa masu karantawa. Kai da ka iya, littafi ya yi mako bakwai a gidanka, abin da ka amfana da shi kawai rufe mazaunai. Matsa min hanya, kaji bakwai suna jirana a Gagarawa."